Ƙasan sikirin ya daina taɓuwa: in sa manhajar botin ko in canza gilashi?

Mai Turare T/Wada: Slm 'yan uwa barkanmu da dare. Dan Allah masu ilimin waya ku taimaka min, wayata ce ta kuɓuce a hannun yaro ƙasan gilashin ya ɗan tsage, to tun daga nan botin ɗin nan uku na ƙasa suka daina aiki, na komawa baya da na tsakiya da mai kusurwa huɗun nan, ko'ina yana taɓuwa banda wajen. In na shiga WhatsApp ba fita sai dai in kashe wayar in kunna kuma ni duk cinikina a kan waya yake. Maƙwabciyata ta ce akwai manhajar da ake sawa ta fito da wasu botin a sama, ta ce za ta tura min ta Xender da safe. In sa ko akwai matsala?

Injiniyan Waya Gusau: Wslm Hajiya. Tachi ne ya mutu ta ƙasa, magani ɗaya ne a canza sikirin. Duk wata manhaja da za ki sa jinkiri ne kawai

Ɗan Poly Kaura: Kai Injiniya ko tambayar wace irin waya ce ba ka yi ba har ka yanke hukunci 😂 Anti wace waya ce, kuma Android nawa ne a kanta?

Mai Turare T/Wada: Tecno ce ƙanena, wannan na biyun kuma ban san inda ake dubawa ba. Na kai wa wani mai gyara ai, kuɗin da ya faɗa min ya kusa rabin abin da na sayi wayar, ni kuma jarin nawa duka nawa yake

Ɗan Poly Kaura: To kar ki karɓi komai ta Xender tukuna. Ki shiga setin, ki gangara inda aka rubuta System, ciki akwai System navigation, za ki ga zaɓi na botin uku da kuma na shafa wato Gesture. Ki zaɓi na shafa. Daga nan komawa baya ba ya buƙatar ƙasan sikirin sam, daga gefen dama ko na hagu za ki jawo yatsa zuwa tsakiya ya koma. Wannan kaɗai ya raba ki da kashe waya da kunnawa, don in kika yi ta komawa baya za ki fito har fuskar farko

Injiniyan Waya Gusau: Ka gaya mata sauran mana. Zuwa gida da ganin manhajojin da ke buɗe duk daga ƙasa ake jawowa sama, kuma ƙasan ne ya mutu. Ka gyara ɗaya ka bar biyu

Ɗan Poly Kaura: Gaskiya ne wannan ban musa ba. Amma akwai dabara, in tana cikin abin da ke juyawa kamar bidiyo ko burauza ta kwantar da wayar, layin shafan yana komawa sabon ƙasan wato gefen wayar mai lafiya. Botin uku su ba sa haka, ko ka kwantar da waya suna nan manne a wajen caja, shi ya sa masu cewa a juya sikirin kawai ba sa cin nasara in ba a canza zuwa shafa ba

Malamin Firamare Bungudu: Assalamu alaikum. Ni fa ban ga abin tsoro a manhajar nan ba. Tsohuwar wayata irin mai botin a jikin gilashi ce ƙarƙashin sikirin, waɗanda ba zane ba ne, ruwa ya taɓa su a damina suka mutu, na sauke wata a Play Store ta kawo min layin botin na ɗora shi a gefe, har launi na canza mashi, na yi ta aiki da ita har wayar ta tsufa na ba yara. Ko sisi ba a taɓa min ba. Hajiya ki sa abinki, da babu gara ba daɗi

Mai POS Mafara: Malam da girmanka amma a nan kam ban bi ka ba. Akwai asusun banki a waccan wayar taka?

Malamin Firamare Bungudu: A'a lokacin da lambobin nan na tauraro nake tura kuɗi a ƙaramar waya

Mai POS Mafara: To ka gani. Ita Hajiya ciniki take, alat a wayar yake shigowa, manhajar banki a ciki, lambar sirrin da ake turowa ta tes a ciki. Ni nan wajen sana'ata na ga mutum ya zo cire kuɗi ya tarar an kwashe, muka duba wayarshi tare muka ga wata manhaja da ko tambari ba ta da shi, wai wani ya tura mashi don ta ƙara ma wayar sauri, kuma ya kunna mata izinin nan na Accessibility da hannunshi. Ban ce lallai ita ta kwashe ba don ban ga lokacin da aka yi ba, amma ko cire ta ƙin yi ta yi, da ka shiga wajen cirewa sai ta maido ka baya, sai da aka wanke wayar gaba ɗaya

Mai Turare T/Wada: Innalillahi. To wai mene ne shi wannan izinin da ake ta faɗa

Ɗan Poly Kaura: Bari in yi bayani da ɗan tsawo ku yi haƙuri. Android ba ya barin wata manhaja ta danna maka baya ko gida haka kawai, hanya ɗaya ce aka bari, ita ce Accessibility, kuma asalinta don masu lalura aka yi ta, makafi da waya ke karanta musu abin da ke sikirin kamar TalkBack, da waɗanda hannunsu ba ya iya taɓawa daidai. To tunda aikin shi ne a gani a madadinka a danna a madadinka, duk manhajar da ka ba wannan izini ka buɗe mata ƙofa babba, za ta iya neman ganin rubutun da ke sikirin, ta danna abu da kanta, har ta amsa wani izinin da kanta ba ka sani ba. Shi ya sa lokacin kunnawa wayar ke fito da gargaɗi cewa za ka ba ta cikakken iko, mu kuma ba ma karantawa sai dai mu danna Allow. Manhajar botin ta gaskiya abu kaɗan take so a ciki, ta ce ma waya koma baya, je gida, nuna na buɗe, shi kenan, sai kuma izini na biyu na shawagi a kan sauran manhajoji don botin ɗin ya riƙa fitowa ko'ina. Matsalar ita ce ta kirki da ta ɓarayi gargaɗi iri ɗaya wayar ke nuna maka, kai da ido ba za ka bambance ba

Mai POS Mafara: Kamar ka ba almajirin da ba ka sani ba makullin shago duka don ya ɗauko maka tsintsiya ne. Wataƙila tsintsiyar kawai zai ɗauko

Malamin Firamare Bungudu: To ai shi ya sa na ce Play Store, ba wai ta karɓa a hannun kowa ba

Ɗan Poly Kaura: Eh Malam ya fi sauƙin haɗari nesa ba kusa ba, amma ko can ɗin ana samun masu kutsawa. Akwai wata muguwar manhaja da ake kira Anatsa da aka sha kamawa a Play Store ta ɓuya cikin masu buɗe PDF da masu karanta QR, kuma da wannan izinin take satar bayanan banki. Akwai FluBot ita ta tes take zuwa da linki wai kana da saƙo a hanya, ta yi ɓarna sosai a Turai, har hukumar sadarwa ta Najeriya NCC ta fitar da gargaɗi a kanta a 2021, sai a 2022 'yan sandan Turai suka rushe ta. Saboda irin wannan ne daga Android 13 in ka sa manhaja daga waje ka je kunna mata Accessibility za ka tarar wajen ya dushe ba ya dannuwa, sai ka bi wata doguwar hanya ka buɗe da kanka. To in Anti ta karɓa ta Xender kuma wayarta 13 ce ko sama, da wuya ma ta kunnu, sai wani gwani ya zo ya ce kawo in buɗe miki, nan ne ake cin mutane

Nas Tsafe: Maganar Xender kun tuna min 2021 da aka rufe mana sabis a Zamfara a watan Satumba, wlh lokacin kowa abin da ke wayar ɗan uwanshi yake kwasa, manhaja, fim, karatu, ba mai tambayar daga ina ta fito. Mu nan sai mutum ya kama hanyar Funtua kafin ya ga saƙo ya shigo. Ina ga tun lokacin abin ya zama mana jiki

Mai POS Mafara: Kar ki tuna min, mu da sana'armu ta tsaya cak

Baffan Gummi: Salamu alaikum yara. Ni tawa matsala daban ta. Ɗana yab ba ni sabuwar waya Samsung, ita wagga babu botin ko guda, wai sai dai a shafa. Ni ban iya ba, in ina karatu na ɗan goga gehe sai shi ɓace, in ina son hita sai wani abu shi buɗe. Wadda ta lalace tana da su ukku reras. Ita manhajar da kuka hwaɗi tana maido su? In tana maidowa ni a sa min, ba ni da kuɗɗi ciki balle a sata

Injiniyan Waya Gusau: Baffa ran ka ya daɗe kai ba ka buƙatar manhaja ko ɗaya, naka sikirin lafiya lau yake. Ka ba wani yaro ya shiga setin, Display, Navigation bar, ya zaɓi Buttons. Minti ɗaya ba zai cika ba. A nan ƙasa kuma akwai wajen sauya jeri, don Samsung na komawa baya a dama suke sa shi, in tsohuwar taka a hagu yake sai ya mayar maka hagu kar hannu ya riƙa ruɗewa

Baffan Gummi: Madalla Allah shi yi albarka. To mi yas sa sunka ɗebe su tun farko, wa yac ce musu sun dame mu

Ɗan Poly Kaura: Baffa neman faɗin sikirin ne. Da can botin na gaske ne a jikin waya, a 2011 Google suka fito da Galaxy Nexus aka mayar da su zane a cikin sikirin, a 2014 da Android 5 suka zama alamomin nan da muka saba, mai kusurwa uku da da'ira da mai kusurwa huɗu. Samsung su sun riƙe botin ɗinsu na tsakiya har 2017 da S8 ta fito. A shekarar dai Apple suka yi iPhone X ba botin sai shafa, kowa ya bi, Android 9 ya gwada botin biyu abin bai karɓu ba, Android 10 a 2019 ya kawo shafa cikakke. Amma ba su cire ukun ba suna nan a setin, ɓoye su kawai aka yi

Yaron Alhaji: Wato dai kun yarda mu kuke kwaikwayo 😎 Mu fa wannan wahalar duk ba mu san ta ba, ɗigon nan fari mai yawo a sikirin tun 2011 yake cikin iPhone, AssistiveTouch, setin, Accessibility, Touch, ka kunna, ba sauke komai ba talla ba ɓarawo

Nas Tsafe: An fara. Kai kullum sai ka nuna mana kana da iPhone

Injiniyan Waya Gusau: Bar shi Anti Nas, su ne suka fi kowa tsoron botin. Rabin masu tsohuwar iPhone da ke zuwa wajena botin ɗinsu lafiya lau amma sun kunna ɗigon wai kar ya gaji. Kuma suna da hujja, don na'urar zanen yatsan da ke cikinshi an ɗaura ta da injin wayar ne, in ya mutu aka sa wani to buɗewa da yatsa ya tafi kenan. Sannan ka faɗa musu ba ku da botin komawa baya ko ɗaya, sai ka miƙa yatsa can saman hagu

Yaron Alhaji: Muna shafawa daga gefe, har bayan waya muke ƙwanƙwasawa sau biyu ta yi aiki, tun iOS 14

Admin: Jama'a a dawo kan matsalar Hajiya dan Allah, ba muhawarar iPhone da Android aka buɗe ba, wannan mun yi ta har mun gaji

Ɗan Poly Kaura: Yauwa. Amma maganarshi ta tuna min, ɗigon nan ba iPhone kaɗai ke da shi ba, wasu wayoyin Android sun zo da nasu daga kamfani kuma shi ne ya fi aminci don ba baƙo ba ne. Samsung suna da Assistant menu a cikin Accessibility, akwai baya da gida da na buɗe duk a ciki. Redmi suna da Quick ball. Oppo da Realme suna da Assistive ball. Sannan akwai na Google kanshi Accessibility Menu tun Android 9, shi yana da na ganin manhajojin da ke buɗe da ƙara murya da rage ta da kulle sikirin da ɗaukar hoton sikirin, sai dai ba shi da baya ba shi da gida. To Anti in kika haɗa shafa ta gefe don komawa baya da wannan don tsallakawa daga WhatsApp zuwa banki zuwa hotuna, kusan kin gama ba ki sa baƙuwar manhaja ko ɗaya ba. In wayar 12 ce ko sama alamar tashi tana iya shawagi ki ja ta inda kike so

Mai Turare T/Wada: Na yi na shafan yanzu alhamdulillah yana komawa baya ta gefe!! Allah ya saka da alheri ƙanena. Amma ga wata sabuwa, dama ban faɗa ba, layin ƙarshe na wajen rubutu shi ma yana ƙi, na tazara wani lokaci sai na danna sau uku, shi ya sa kuka ga ina daɗewa kafin in amsa

Injiniyan Waya Gusau: To kun ji abin da nake faɗa tun ɗazu. Hajiya wajen da ya mutu ya fara hawa sama. Bari in gaya muku yadda abin yake tunda ni nake buɗe su kullum, a ƙarƙashin gilashin nan akwai wasu siraran layuka a tsaye da a kwance da ido ba ya gani, su ke jin yatsa, kuma yawancin wayoyi ta ƙasa igiyarsu take haɗuwa da injin. In tsagewa ta yanke layi ɗaya duk abin da ke kanshi ya mutu. Kuma tsaga ba ta tsayawa inda take, a sa waya a jaka ta matsu, zafin rana, gumi ya shiga, ƙurar hunturun nan, kullum tana ƙara ci. Yau botin ne gobe wajen rubutu jibi sai ki ga waya tana danne-danne da kanta tana kiran mutane. Ranar da ya kai wajen lambobin buɗe waya shi kenan an kulle ki a waje. Ni ba don a kawo min aiki nake faɗa ba, ki kai wa duk wanda kika yarda da shi

Mai POS Mafara: Injiniya ba don a kawo maka aiki ba 😂 to mun ji

Injiniyan Waya Gusau: Wlh da gaske nake. Kai da na gyara maka caja kyauta ka fi kowa sani

Ɗan Poly Kaura: A nan kam ina bayan Injiniya, in yana hawa to lokaci kawai ake saye. Amma kafin kuɗi su samu, in Gboard ne wajen rubutun naki akwai zaɓin Floating a cikin alamomin da ke samanshi, zai tashi daga ƙasa ya zama ɗan ƙarami ki ja shi tsakiyar sikirin. Kuma ki auna iyakar wajen da ya mutu don ki san ko yana ƙaruwa, hanya mafi sauƙi ki buɗe wajen zane a kan hoto a WhatsApp ki yi ta ja da yatsa daga sama zuwa ƙasa ki ga inda layin ke yankewa, bayan kwana biyu ki sake. Masu Samsung su sai su danna *#0*# akwai gwajin tachi a ciki

Injiniyan Waya Gusau: Kuma kafin komai ki ɓare gilashin kariyar da aka liƙa a sama in akwai. Sau da yawa shi ne ya fashe ya ɗaga iska ta shiga, mutum ya zo hankali tashe in ɓare in ba shi wayarshi ya tafi. Ki duba bayan wayar ma ko ya kumbura, batir in ya kumbura yana turo sikirin, wannan kuma ba a wasa da shi a daina caji a kawo

Mai Turare T/Wada: Babu kariya a kai, gilashin ne da kanshi. Bayan kuma lafiya lau

Malamin Firamare Bungudu: Duk na ji bayananku kuma na ƙaru, amma har yanzu ina nan kan cewa ba kowa ne wayarshi ke da waɗannan abubuwan ba. Ku je ƙauye ku ga wayoyin da ke hannun mutane, tsofaffi ne masu Android 7 da 8, ba shafa ba ɗigo ba komai, kuma irinsu ne botin ke mutuwa. Mutumin da ke neman na masara ba za ka ce mashi ya canza sikirin ba. Shi me za ku ce mashi, ya jefar?

Ɗan Poly Kaura: A'a Malam, shi kam manhajar ce mafitarshi ban ce haramun ba ce. Sai dai ya bi ta a hankali. Ya sauke daga Play Store da kanshi, ya duba wadda ta daɗe kuma mutane da yawa suka sauke suka yi sharhi, ya karanta sharhin masu tauraro ɗaya ba masu biyar ba don su ke faɗar gaskiya. Bayan ya sa ya duba me take nema, mai botin ba ruwanta da tes ɗinka ko lambobin mutane ko kamara ko inda kake, in ta nemi ɗaya daga ciki a cire ta nan take. In ta ce a sauke wata ƙarin manhaja ko a yi mata afdet ta wani linki, a cire. Kuma wanda ke da kuɗi masu kauri a waya ni dai ba zan ba shi shawarar ya haɗa su waje ɗaya ba

Mai POS Mafara: Ƙari a kan haka wasu manhajojin banki da kansu in suka ga akwai abin da ke shawagi a sikirin ko an kunna Accessibility sai su ƙi buɗewa ko su ƙi karɓar lambar sirri, kwastoma ya tsaya gabana yana ta zagin sabis alhali ɗigon da ya sa ne. Sai ya kashe ya yi tiransifa ya sake kunnawa

Nas Tsafe: Ni abin da ya raba ni da irinsu talla ne. Na sa ma mamanmu wata, tana cikin sauraren tafsiri sai tallar caca ta rufe sikirin, ta kira ni tana salati wai waya ta haukace. Ga shi kuma bayan awa kaɗan botin ɗin sai ya ɓace sai an koma an kunna

Ɗan Poly Kaura: Ɓacewar nan ba laifin manhajar ba ne yawanci, wayar ce ke kashe ta don tanadin batir, musamman in ana yawan danna abin share-sharen nan mai tsintsiya. Sai an shiga setin batir an ce kar a taƙaita ta, an kunna mata tashi da kanta in an kunna waya, sannan a sa mata kwaɗo a jerin manhajojin da ke buɗe. Ƙananan wayoyi masu Android Go kuma daga 10 zuwa sama an rufe izinin shawagin gaba ɗaya don ƙwaƙwalwarsu ba ta da yawa, shi ya sa wasu manhajojin ko ka sa ba za su fito ba, mutum ya yi ta sauke wannan yana goge waccan yana ƙona data

Baffan Gummi: Jikana ya gyara min, ga su nan sun dawo ukku. Amma yac ce wai in sunka daɗe za su ƙone gilashi, gaskiya na?

Injiniyan Waya Gusau: Akwai ƙamshin gaskiya Baffa, sikirin irin AMOLED in abu ɗaya ya daɗe a waje ɗaya da haske sosai yana barin inuwa, ina ganinsu a tsofaffin wayoyi inuwar botin ɗin ta zauna daram. Amma abu ne na shekaru, ka rage haske kawai kar ka bar ta a kunne tana kallon silin. Kar ya hana ka jin daɗin wayarka

Mai Turare T/Wada: Injiniya to in na tashi canzawa wanne zan ce a sa min, mai gyaran ya ce akwai mai sauƙi akwai mai tsada

Injiniyan Waya Gusau: Mai sauƙin kofi ne, haske bai kai ba, a rana sai kin kare da hannu, kuma wani tachinsa tun a sabo yake tsalle. Akwai mai kyau sabo, akwai kuma wanda aka ciro daga wata wayar da injinta ya mutu, shi asali ne in an samu mai lafiya. Mu nan yawanci daga Kano ake kawo mana, Farm Centre, shi ya sa in dala ta motsa ko mota ta yi tsada kuɗin ke canzawa. Abin da zan ce ko wanne za a sa kar ki bari a liƙe sai an jona an ba ki kin gwada da hannunki, ki taɓa kusurwa huɗun duka, ki yi rubutu, ki ja daga sama ki ja daga ƙasa, in an riga an sa gam ba mai karɓa. Sannan tun yau ki kwashe lambobin kwastomominki zuwa imel ɗinki ki yi ajiyar WhatsApp, kar ki jira

Ɗan Poly Kaura: In kuma ya riga ya kulle mutum a waje akwai ɗan abin nan OTG da ake sayarwa wajen masu caja, ka jona linzamin kwamfuta a wayar kibiya ta fito ka danna lambobinka har botin ɗin da suka mutu za ka iya dannawa da ita. Wasu wayoyin sai an kunna OTG a setin tukuna, to gara a duba tun sikirin na aiki

Yaron Alhaji: Ko kuma ta sayi iPhone ta huta

Admin: Saura kaɗan in cire ka wlh

Direban Anka: Slm ku yi haƙuri na shigo a makare yanzu na sauke fasinja. Ni nawa ba na ƙasa ba ne, botin ɗin gefe na kunnawa ne ya nutse ciki, sai na sa farce na danna da ƙarfi wani lokaci ma sai na jona caja sikirin ke kawowa. Ita manhajar tana maganin wannan?

Ɗan Poly Kaura: Rabin matsalar take magancewa. Kulle sikirin Accessibility Menu zai yi maka, tada shi kuma ka duba setin ko akwai ƙwanƙwasa sau biyu ko ka yi amfani da zanen yatsa in tana da shi. Amma in wayar ta mutu gaba ɗaya babu manhajar da za ta kunna ta tunda ita ma a mace take, to kar ka bari caji ya ƙare, in kuma akwai wajen sa lokacin kunna kai da kashe kai a setin ka sa mata ta riƙa kunna kanta da asuba

Injiniyan Waya Gusau: Wannan kam kar ka wahalar da kanka Direba, 'yar igiyar botin ce ko robar da ke kai, ba ta da tsada ko kaɗan ba kamar sikirin ba. In ka shigo Gusau da lodi ka biyo kafin ka gama cin abinci an gama

Direban Anka: To sai jibi in Allah ya kai mu, gobe Gummi zan yi